Enzayim mai jure zafi: amfaninsa da iyakarsa wajen haɗa sukari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu gyara wata fahimta da ta yaɗu tsakanin ɗaliban kimiyyar abinci, cewa da zarar an samu enzayim (furotin mai hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani) na bakteriya mai son zafi, an gama da wahalar haɗa sukari. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba.

Tun da Thomas Brock ya gano bakteriyar Thermus aquaticus a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka cikin 1966, tana rayuwa a digiri 70, masana suka bazama neman irinta. A 1986 aka samo Thermotoga maritima a tsibirin Vulcano na Italiya, wadda ta fi bunƙasa a digiri 80. Masana'antu sun ƙwallafa rai a kansu ne saboda yadda aikin mayar da sitaci sukari yake.

Ana dama sitaci da ruwa har ya kai kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, a daidaita tsaminsa kusa da pH 6 (pH ma'aunin tsami ne, yana sauka idan tsami ya ƙaru), a zuba alfa-amilas, enzayim mai tsinka sitaci, na bakteriyar Bacillus licheniformis da ɗan kalsiyam. Sai a harba masa tururi ya kai digiri 105 na minti biyar, a riƙe shi a 95 na awa ɗaya zuwa biyu. In enzayim ya mutu a nan, damun ya yi kauri ya toshe bututu. Daga nan dole a sauko digiri 60, a ƙara tsami zuwa pH 4.5, domin gulukoamilas na fumfunar Aspergillus niger, enzayim mai fitar da gulukos daga tsinkakken sitacin, ba ya jure fiye da haka, kuma yana cin kwana biyu zuwa uku kafin gulukos ya kai kashi 95. Mataki na uku kuma ya saɓa wa na farko: kalsiyam ɗin da aka zuba yana daƙile enzayim mai juya gulukos zuwa furuktos, sukarin da ya fi shi zaƙi, saboda haka sai an tace shi, a sa maganisiyam, a mayar da pH wajen 7.5 zuwa 8. Kowane hawa da sauka yana cin makamashi, yana tara gishirin da sai an sake cirewa.

Abin da ake samu a digiri 60 furuktos ne kashi 42. Masu lemon kwalba kuwa kashi 55 suke so, don haka ana ware wani ɓangare a tace shi zuwa kashi 90 sannan a gauraya. Zafi yana karkatar da aikin zuwa furuktos, har lissafi ya nuna a wajen digiri 110 za a kai 55 kai tsaye. Nan ne iyakar take. Ko da enzayim ya jure, sukarin ba ya jurewa. Furuktos a irin wannan zafi da ƙarancin tsami yana rikiɗa ya koma launin ruwan ƙasa, ɗanɗanonsa ya gurɓace, wasu sinadarai da ba a nema su fito. A ganinmu, neman enzayim da zai yi aiki cikin tsami ya fi neman ƙarin digiri muhimmanci.

Inda zafi ke biya sosai shi ne wajen ɗinka sukari da sukari. Laktos na madara bai wuce kusan giram 20 ke narkewa a giram 100 na ruwa mai sanyin ɗaki ba, amma a digiri 80 yana kusantar giram 100. Idan sukari ya yi yawa haka, enzayim yana manna guntun da ya yanko a jikin wani laktos maimakon ya saki wa ruwa, sai a samu gajerun sarƙoƙin galaktos (ɗaya daga sukari biyun da suka haɗa laktos) da ake sawa a madarar jarirai. Haka tagatos, wani sukari da ake juyowa daga galaktos: yawansa yana ƙaruwa da zafi, sai dai enzayim ɗin yakan nemi manganis ko kobalt, kobalt kuwa ba a son sa a abinci. Ga kuma sauƙin tace enzayim ɗin kansa. In aka dasa ƙwayar halittar da ke samar da shi a bakteriyar E. coli, aka fasa bakteriyar, aka ɗumama ruwan a digiri 70 zuwa 80 na kamar rabin awa, furotin ɗinta yana dunƙulewa kamar farin ƙwai, enzayim ɗin da ake so ya rage a narke.

Ga masu gwaji, kada su tsaya kan digirin da enzayim ya fi sauri cikin minti goma a ruwan gwaji. Su sa shi cikin ainihin ruwan sukarin mai kauri, a zafi da tsamin da zai yi aiki, su auna awa nawa yake ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, su kuma duba launin ruwan a kowane awo.

Wassalam.
Wasu malaman kimiyyar sarrafa abinci