Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan jitar da ya saya a hannu

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Hotunan jitar bes da ka saya a hannu sun iso gare ni, ko da yake yayarka ka turo wa ba ni ba, kuma na san dalili. Ta kuma gaya mini maganar da ka roƙe ta ta rufe. Kada ka ga laifinta, ni na tsare ta da tambaya. Zan zo kan wannan. Bari in fara da abin da ka tambaye ta, wato yadda za ka gyara muryar jitar da fentinta, tunda ita ba ta taɓa riƙe ƙarfen soda ba, ni kuwa shekara 34 ke nan ina shaƙar hayaƙinsa a shago.

Kada ka ɗauka shisshigi nake yi a sana'ar da ba tawa ba. Leo Fender, wanda ya fito da bes ɗin lantarki mai suna Precision a 1951, mai gyaran rediyo ne kamar ubanka, shagonsa yana garin Fullerton a Kalifoniya, kuma shi kansa ba makaɗin jita ba ne. Wadda ka saya kwaikwayo ce ta samfurin Jazz da kamfaninsa ya fitar a 1960, na gane ta da kunnuwanta biyu dogaye da maɓallanta uku. Abin da ku kuke kira fikof ni kunne nake ce masa, domin aikinsa ke nan. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe mai sirantakar gashin kai, naɗi dubbai, idan tsirkiya ta girgiza a kansa sai ya haifar da 'yar wutar da amfilifaya take kumburawa. Ba shi da wani abu mai motsi a ciki, saboda haka bai cika mutuwa ba. Abokinka da ya ce ka cire duka biyun ka sayi sababbi bai auna komai ba, kuɗinka kawai yake son ya taya ka kashewa.

Daga waje ake farawa, daga abu mai araha. Ka ari wayar wani da ka tabbata tana aiki ka jona. Idan ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa duk lokacin da ka motsa kan wayar, to soket ɗin jitar ne: ko notinsa ya saki har ya juya ya murɗe wayoyin ciki, ko harshen ƙarfen da yake riƙe kan wayar ya gaji, sai a lanƙwasa shi kaɗan ya dawo. Idan kana murɗa maɓalli kana jin ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, ƙura ce da tsatsa a cikin boliyum, sai ka fesa maganin wanke kayan lantarki ta ƙaramar kafar da take jikinsa, ka yi ta murɗawa gaba da baya. Kada ka zuba masa man keke, na sha karɓar rediyon da aka yi wa haka. Ban ga murfin batir a hoton bayanta ba, amma ka duba da kyau, domin masu batir suna aiki da na bolt 9, kuma muddin aka bar waya a soke batirin yana ci ko ba a kaɗawa.

Ka ce kunnen da yake kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a gindin jitar, ya yi shiru. Ka rage muryar amfilifaya, ka buɗe boliyum ɗinsa shi kaɗai, ka taɓa kawunan maganaɗisun da bakin sukundireba a hankali. Lafiyayyen kunne zai amsa maka da ƙwas mai kauri. Idan bai amsa ba, sai ka ɗauko mitar awon lantarki, ka juya ta zuwa om, wato awon yadda waya take tare wuta. Ba sai ka kwance komai ba: ka soka waya a jitar, ka zare ɗaya kan daga amfilifaya, ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan tsinin, ɗayan a jikin ƙarfen. Kunnen irin wannan jita yakan nuna om tsakanin 6,000 da 9,000, idan kuma ka buɗe duka biyun tare sai lissafin ya sauko kusan rabi. In ka ga sifili, wayoyi biyu ne suka haɗu a inda bai kamata ba. In ka ga ta haura 100,000, hanya ta yanke, abin da mitar take karantawa boliyum ne kawai, waɗanda yawanci masu om 250,000 ne. Ko a nan ma kada ka yi wa kunnen jana'iza tukuna. Ka buɗe farantin maɓallan, ka ja kowace waya kaɗan da yatsa, ka dubi kowane ɗigon dalma. Mai kyau yana sheƙi, ya kwanta lif, marar kyau kuwa ya dushe ya dunƙule kamar kashin awaki. Sai ka auna wayoyin kunnen su biyu kai tsaye. Idan a nan ma babu komai, ka narka dalmar ƙananan zobba biyu da suke ƙasan kunnen, inda siririyar wayar ta haɗu da mai kauri, domin sau da yawa a nan matsalar take. Ka taɓa ka ɗaga, kada ka daɗe. Idan duk wannan bai yi ba, naɗin ya tsinke a ciki, sai ka turo mini shi in gani ko zai naɗu.

Gurnanin da kake ji iri-iri ne, kuma ina so ka iya rabe su. Kunne mai naɗi guda yana ɗaukar kukan wutar gida, wadda a ƙasar nan take juyawa sau 50 a daƙiƙa, halittarsa ce ba cuta ba. Shi ya sa aka yi kunnuwan biyu a saɓa wa juna, idan ka buɗe su daidai sai kukan ya kashe kansa. In kuwa ka buɗe su tare ka ji murya ta rame, ta zama ta hanci, to wani ya taɓa juya wayoyin ɗaya daga cikinsu, sai ka musanya su. In tsirkiya ɗaya ta fi 'yan'uwanta amo, sosan da yake ƙarƙashin kunnen ne ya mutu. Ka sa sabo, ka danne tsirkiya a ƙarfen wuya na ƙarshe, ka bar tazarar kamar milimita 3 tsakanin kunnen da tsirkiya a wajen mai kauri, ƙasa da haka kaɗan a wajen siririya.

Sai maganar fenti, wadda na lura ita ta fi cin ranka, domin hotunanka huɗu duk na ƙwarzane ne. Kafin ka ɗiga komai ka san irin fentin. Ka sami wurin da ido ba ya gani, kamar ƙarƙashin faranti, ka shafa ɗan ruwan goge jan farce da auduga. Idan ya yi laushi ya kama audugar, tsohon nau'i ne mai narkewa, shi da irinsa ake cike shi. Idan ko gezau bai yi ba, kuma na fi zaton haka ga jita mai wannan kuɗi, to mai taurin roba ne, sabon fenti ba ya narkewa cikinsa, sai dai a cike ramin da sufa gulu. Guntun da ya ɓalle a gefen ƙasa, inda katako ya fito, ka share shi, ka shafa launi a kan katakon da siririn buroshi ya bushe, sannan ka riƙa ɗiga gulu da tsinken ashana, ɗigo ɗaya ka jira ya ƙame kafin na biyu, har ya ɗan fi fentin tudu. Ka bar shi ya kwana. Washegari ka naɗe gefuna biyu na reza da salatif ka bar tsakiyarta, ka kankare tudun a tsaye, salatif ɗin zai hana ta cin lafiyayyen fenti. Daga nan samfefa mai lamba 800, sai 1000, sai 1500, sai 2000, da ɗan ruwa, a naɗe a jikin ƙaramin katako mai shafaffen ciki, sannan man goge mota da tsumma mai laushi. Kada ruwan ya shiga ramin kusa, katako zai sha ya kumbura ya tsaga fentin daga ƙasa. Kada kuma ka kawo sosan ƙarfe kusa da kunnuwan, maganaɗisu zai kwashe garinsa ya kai cikin naɗin.

Tsagar da take gefen inda wuya ya shiga jiki, ka riƙe wuyan ka ɗan girgiza. In ba ta buɗewa, ta fenti ce, ka ƙyale ta. Gogaggen wurin da hannun mai ita na farko ya cinye shi ma ka ƙyale shi. Kada ka kai ta wurin mai fentin mota ya kankare ta gaba ɗaya, za ka biya fiye da kuɗin jitar, ta dawo da nauyin fenti da ramukan kusa a toshe. Tabon zai nuna ga wanda ya matso, na nesa ba zai gani ba.

Yanzu ka ajiye duk wannan ka saurare ni. Yayarka ta ce a wani biki da kuka yi a kan janareta, hannunka yana kan tsirkiya ka kai baki kusa da makirfo, wuta ta ja leɓenka har ka ga walƙiya, kuka yi dariya kuka ci gaba. Ta ce ba sau ɗaya ba ne. Tun daren da na ji ban yi cikakken barci ba. Ka zauna ka ɗauki hoton ƙwarzane har huɗu, ka yi ta tambayar lambar samfefa, amma wutar da ta bi ta jikinka ka mayar da ita labarin ban dariya da za a ɓoye wa uba. Kai da ka girma a gindin teburina, ka ga hannun kawunka na dama, kuma ka san ranar da muka rufe shago kwana bakwai da dalilin rufewar. Wannan sakaci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Ka fahimci yadda abin yake. A cikin jitar akwai waya da ta tashi daga ƙarƙashin jaki ta haɗu da bayan boliyum, daga nan ta bi wayar jita ta haɗu da gangar jikin amfilifaya. Ita ce take sa zizar ta ragu idan ka taɓa tsirkiya, wannan alama ce ta cewa tana nan lafiya. Amma ma'anarta ita ce duk lokacin da kake kaɗawa, ƙarfen amfilifaya kake riƙe da shi da hannu mai gumi. Idan amfilifayar tana da wayar ƙasa mai kyau, wutar da ta zurara sai ta bi ƙasa, fis ya ƙone. Idan kuwa an karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, ko an tura wayoyi tsirara an tokare da ashana, ko janaretan ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba, to wutar ba ta da hanya sai kai. Ta shiga ta hannun hagu ta fita ta baki, ko ta ƙafa in kana tsaye a kan danshi, kuma zuciya tana kan wannan hanya. Jitar ba ta da wutar da za ta ja ko ƙuda, bolt 230 na gari ko na janareta ne yake neman ka. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Leslie Harvey, ya taɓa makirfo a kan dandamali a garin Swansea ya mutu a gaban masu kallo, yana da shekara 27. Shekara biyu kawai ya ba ka.

Saboda haka ga abin da nake umartarka da shi, ba shawara ba ce. Kada ka sake jona wannan amfilifaya sai wanda ya san aiki ya duba ta, kuma kada ka buɗe ta da kanka, domin akwai kayan da suke riƙe wuta a ciki bayan an zare fulogi. Duk inda za ku yi wasa, kafin ka rataya jitar, ka juya mita zuwa awon wutar gida, tsinke ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar makirfo. In ta nuna abin da ya wuce 'yan bolt kaɗan, ka ajiye, ko da ango zai yi fushi, ko da ba za a biya ku ba. Amfilifayarka da na'urar lasifika su sha wuta daga layi ɗaya mai wayar ƙasa. Ka sa takalmi mai tafin roba. Idan wani ya ce ka yanke wayar jaki ka huta, ka sani ziza za ta dawo, laifin kuma yana nan a amfilifaya yana jiran wanda zai taɓa ta.

Na san kana ganin tun farko ban so wannan hanya ba, kuma za ka ce na sami abin fakewa. Abin da na faɗa a daren da ka tafi na faɗe shi, wani ɓangarensa da na haɗiye da ya fi. Amma ni ne na ba ka tsohuwar lasifikar da ka fara jona garayar makwabcinmu a jikinta kana ɗan shekara 12, kuma ban taɓa gaya wa mahaifiyarka inda fis ɗin gidan ya tafi a ranar ba. Ita ba ta san maganar leɓen nan ba har yanzu, na ce wa yayarka ta yi shiru.

Direban da ka sani zai taso ranar Laraba. Na ba shi mitata ta biyu, mai launin rawaya, da ƙullin dalma, da samfefa lamba huɗun nan, da soket mai yanke wuta da kansa idan ta zurara, irin mai miliamfiya 30. Ka danna maɓallin gwajinsa kowane lokaci kafin ku fara. In kayan sun iso ka kira ni, ni da kaina ba ta bakin yayarka ba, ka karanta mini abin da mitar ta nuna a kunnen jaki, da abin da ta nuna tsakanin tsirkiya da makirfo. Na biyun za ka fara faɗa mini.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.