Kada ka sayi rigar nan tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya sanyin Abadin ta Birtaniya, ya iyali? Na san wata uku ke nan ban amsa maka ba, ka yi haƙuri. Jiya ne ƙaninka ya tare ni a kasuwar Rano, ya ce wai ka samo mini rigar nutso gwanjo, irin wadda ruwa ba ya shiga, har kana shirin biya. Shi ya sa ko rufe ido ban yi ba sai da na zauna na rubuto maka. Don Allah ka dakata.

Ka san abin da ya kai ni wannan sana'a. Tun ranar da kwalekwale ya kife a Bagwai, ƙarshen Nuwamban 2021, da yaran Islamiyya a ciki, na kasa samun sukuni. Masunta suka yi iya ƙoƙarinsu, amma numfashin ɗan Adam minti nawa ne? Dalilin da na sayar da bijimin nan na tafi Legas koyon nutso da tukunyar iska ke nan, kana ta yi mini faɗa a waya.

To, a can na fara taɓa rigunan da hannuna. Iri biyu ne. Akwai jiƙaƙƙiya, ta roba mai soso, wadda take matse jiki, ruwa kaɗan ya shiga ya tsaya, jikinka ya ɗumama shi. Akwai busasshiya, irin wadda ka gani, mai roba a wuya da wuyan hannu, da zif na musamman. Ita wannan iska ce a cikinta, kuma yawanci ɗumin daga kayan da ka sa a ciki yake zuwa. An yi ta ne saboda ruwa irin naku, wanda ko da rani da wuya zafinsa ya haura digiri 15 a ma'aunin Celsius. Ruwan dam ɗin Tiga kuwa, ko a tsakiyar hunturu da muke fitowa haƙora na kaɗawa, bai kai wannan sanyin ba. Abin da ke kashe mana jiki shi ne daɗewa, don ruwa yana zuƙe zafin jiki ninki kusan 25 a kan yadda iska take yi, sannan ka fito iskar hunturu ta kwaɗe ka.

Ka yi tunanin watan Afrilu, ina tsaye a cikin kwalekwale a rufe ruf cikin buhun roba, ina jiran a gama ɗaure igiya. Kafin in taɓa ruwa zafi ya kwantar da ni. Kai ka manta zafin bazara ne, Bature, tun da ka koma shan shayi ba madara.

Babbar damuwata ma ba zafin ba ce. Rigar nan tana da nata karatun daban. Akwai tiyo daga tukunya zuwa wani bawul a ƙirji, akwai wani bawul ɗin a damtsen hagu na fitar da iska. A zurfin mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka biyu, iskar cikin rigar ta ragu rabi, rigar ta tsuke ka har ta bar maka shaida a fata, sai ka ƙara iska. In za ka hau kuma iskar ta kumbura, dole ka sake ta. Da idona na ga wani ɗan ajinmu a tafkin koyo: ya sunkuya ɗaukar abu, iskar ta gudu ƙafafu, nan take ya juye kai ƙasa ƙafa sama, takalmin iyo ɗaya ya fice, yana ta harbin iska. Malaminmu ya cafko shi. A mita 3 ke nan, ruwa garau. Ka kai wannan ƙasan dam, inda ko tafin hannunka ba ka gani, ga tsofaffin komaye da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka gama dam ɗin a 1974. Mai hawa da gudu daga zurfi, huhu da jini ne ke biya. Kuma mu nan tudu ne, mun haura mita 300 daga teku nesa ba kusa ba, lissafin daɗewa a ƙasa ma sai an rage shi.

Af, na tuna. Baffa ya ce in gaya maka gonar fadama ta yi albasa bana kamar ba gobe, amma kuɗin buhu ya karye kafin a kwashe. Kuma angon nan naka ya sake sayen babur, na uku, har yanzu bai biya ka kuɗin na farko ba. Inna ta ce hoton yaran da ka turo, ƙaramar sak kakarta, har tsayin goshin.

Sai maganar lalacewa. Robar wuyan nan ba ta son rana, ba ta son zafi, ba ta son man shafawa. Hoda ake barbaɗa mata, zif ɗin kuma a goga masa kaki. A ɗakina mai rufin kwano damina ɗaya za ta yi ta fara danƙo. In ta yage, wa zai canja mini a Kano? Sai dai in sake ɗora maka nauyi. Gwanjon da ka gani ma, ja robar wuyan a hankali ka duba, in ka ga ƙananan tsaga ko tana manne wa yatsa, ta gama aiki. Masu sani suna toshe wuya da hannaye, su hura rigar, su yayyafa ruwan sabulu su ga inda zai yi kumfa.

Gaskiya akwai inda raina yake biya mata. Tsargiya ta kama ni sau biyu, ka sani, kuma jiƙaƙƙiya ba ta hana ruwa taɓa fata. Ga kogin Challawa ta ƙasan majemu, inda aka taɓa kirana na ƙi shiga. Irin wannan ruwa sai busasshiya ta roba mai kauri, wadda ake wankewa tas, haɗe da hula da safar hannu da abin rufe fuska gaba ɗaya. Wannan sai na koma na yi karatunta, in Allah Ya hore. Ba bana ba.

Abin da nake so yanzu jiƙaƙƙiya ce mai kaurin milimita 5, doguwa har idon sawu, da hularta da takalmi da safar hannu. Ta matse amma kada ta hana numfashi, in ta yi sako-sako ruwa zai yi ta shiga yana fita, ba ta da amfani. In canji ya ragu, ka haɗo da wuƙar yanke koma da tocila ta cikin ruwa, ko biyu, don yaron Sarkin Ruwa da nake koya wa riƙon igiya ba shi da komai. Gobe zan je wajen tela ya auna ni, tsayi da ƙirji da ƙugu, in turo maka ta WhatsApp.

Ka ce akwai wata tambaya da ka yi mini a saƙonka na baya, a kan filin nan ne ko maganar auren ƙanwarka? Wayar ta faɗa ruwa, komai ya goge. Ka sake turowa.

A gaida uwargida da yara. Inna tana sa maka albarka.

Naka har kullum,
abokinka na bakin dam