Kartar tarot: a daina tsorata yara, a tona musu dabarar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wata karta da ta fara yawo cikin wayoyin yaranmu nan Gusau, wadda ake ce ma tarot. Na san wasu za su ce mi ya kai jaridar Hausa ga zancen kartar Turawa alhali ga matsalar tsaro ga tsadar abinci, to a ɗan yi min haƙuri, zancen zai iso gida.

Ga yadda abin yake. Yarinya ko saurayi, yawanci 'yan jami'a da kwaleji, za su buɗe TikTok ko YouTube su tarar da wata mata zaune gaban tebur da kyandir, ta raba karta kashi uku ta ɗora ɗan dutse kan kowane kashi, ta ce zaɓi wanda ranka ya kwanta da shi. In ka zaɓi na biyu sai ka tsallaka zuwa minti kaza, ta fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya tana gaya maka wai akwai wanda ke tunaninka dare da rana amma girman kai ya hana shi kira, wai akwai kuɗi tafe amma sai ka rabu da wasu mutane. Ɗiyar ƙanwata ce ta nuna min, da ta ga na ɗaure fuska sai ta ce, "Kawu ni fa ban yarda da shi ba, wallahi ba duba ba ne, kawai yana taimaka min in yi tunani ne."

Wannan magana ba ita ta ƙirƙiro ta ba. A Turai da Amurka akwai mutanen da ba su yarda da kowane addini ba, ba su yarda da aljanu ko sihiri ba, amma suna da kartar a ɗakinsu. Su da bakinsu suke cewa takarda ce da fenti, ba ta san komi ba, abin da suke yi shi ne su zaro ɗaya su kalli hoton su tambayi kansu. Misali akwai mai hoton doguwar hasumiya tsawa ta faɗa mata mutane na faɗowa, sai mutum ya ce wa kansa, mi ke shirin rushewa a rayuwata da na ƙi in kalla? Wasunsu har suna jingina abin ga Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, wanda ya yi ta bayani kan yadda hotuna da alamomi ke taso da abin da ke kwance a zuciyar mutum.

Ni musulmi ne, aƙidarsu ba ta haɗa hanya da tawa ba ko kaɗan, amma kan cewa kartar ba ta san komi ba sun faɗi gaskiya, kuma tarihi na bayansu. Asalinta ma kartar wasa ce. A arewacin Italiya anka fara yin ta wajen shekarun 1440, manyan gidaje na Milan da Ferrara suna sa masu zane su yi musu ita da ruwan zinari don su buga wasa, yadda yaranmu ke buga Whot a bakin shago. Guda 78 ce, 22 masu manyan hotuna, sauran 56 kuma iri huɗu ne, kofi, takobi, kuɗi da sanda. Abin da zai ba mai karatu mamaki, waɗannan iri huɗun daga ƙasar musulmi sunka shiga Turai, daga Masar ta zamanin Mamluk, wajen shekarun 1370, har yanzu akwai tsohuwar kartar Mamluk ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul. Sama da shekara 300 ana wasa da ita ba wanda ya ce tana faɗin gobe. Sai 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya tashi ya rubuta wai sirrin bokayen Fir'auna ne ɓoye a ciki, alhali lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun tsohuwar Masar, sai 1822 anka gano yadda ake karanta shi, kuma ba a tarar da wata karta ciki ba. Wadda ake yawan gani a bidiyon yanzu ma a Landan anka buga ta 1909, wata mata Pamela Colman Smith ta zana. Har gobe a Faransa tarot wasa ne da ake zama mutum huɗu a buga ana ƙirga maki.

To shi ya sa ban jin daɗi in na ji manya suna tsorata yara da cewa akwai aljanu cikin kartar, in ka kalla za su shige ka. Ka ba ta daraja kenan. Yaron da ka ce ma abu na da ƙarfi amma kar ya taɓa, ka riga ka yi ma mai abin talla kyauta. Hukuncin addini kam a fili yake, hadisin nan da ke cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta dare 40 kowa ya sha jin shi kan mumbari, na bar ma malamai wannan fagen don sun fi ni sani. Abin da nake ganin mun yi sakaci da shi shi ne nuna ma yara yadda dabarar ke aiki, don abin da ke kama su shi ne suna ji kamar matar ta san su.

A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa tambayoyi sunka amsa, daga baya ya miƙa ma kowa takarda ya ce ga bayanin halinka kai kaɗai, ka ba shi maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya dace da kai. Da anka haɗa makin sai ya tashi wajen 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba ma kowa, kuma daga ɗan littafin taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin, irin su kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba tukuna. Wa zai ce wannan ba shi ba ne? Haka mutum dubu ɗari za su zaɓi kashi na biyu a bidiyo ɗaya, kowa ya tashi yana rantsuwa da shi ake.

Edita, wanda duk ya taɓa raka wani wurin mai bugun ƙasa ya san wannan karatun. Za ka tarar da shi a zaure da farantin yashi gabansa, ya tambayi sunanka da sunan mahaifiyarka, ya shafe yashin da tafin hannu ya yi ta ɗiga yatsu layi-layi yana gyaɗa kai, sannan ya ɗago ya ce akwai wata mace cikin danginku, ba fara ba ba baƙa ba, tana yi maka dariya amma zuciyarta ba ta tare da kai. Idonsa na kan fuskarka ba kan yashin ba. Da ka motsa ka ce ko matar baffana ce, shi kenan ka ba shi amsa da bakinka, gobe kuma kai ne za ka riƙa yaɗa cewa malam ya kira sunanta tun kafin ka zauna. Daga nan sai baƙar kaza da abin sadaka. Gida nawa zumunci ya watse a kan wannan "wata mace" da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba?

Inda na rabu da masu cewa ai tunani kawai suke yi da kartar shi ne, wataƙila can wurinsu mutum ya ci ya ƙoshi ya zauna da shayinsa yana nazarin zuciyarsa, mu nan ba wannan tambayar ke ranmu ba. Tambayarmu ita ce zai aure ni ko yaudarata yake, zan ci JAMB bana, aikin nan zai fito. Mafi ciwo kuma, a jihar nan akwai uwar da ɗanta ke hannun 'yan bindiga a daji, an sayar da gona an sayar da shanu ana haɗa kuɗin fansa, cikin wannan kuɗin wani marar tsoron Allah zai yanki nasa don ya gaya mata yana raye ko baya raye. Mai irin wannan tambayar amsa take nema, duk wanda ya zaro takarda ko ya ɗiga yashi ya yi magana da ƙarfin hali za ta riƙe. Na tarot ɗin ma ba a banza suke ba, bidiyon kyauta ne amma ƙasansa akwai inda za ka biya a duba maka kai kaɗai.

Ita ma ɗiyar tawa na tambaye ta, in kashin da kika zaɓa ya faɗi abin da ba ki so ya kike yi? Ta yi dariya ta ce sai in koma in zaɓi wani. Na ce to in tunani kike so takarda da biro sun ishe ki, ki rubuta abin da ke damunki, ki yi shawara da mamanki ko antinki, ki yi istihara, don matar can ba ta san ma akwai wani gari Gusau ba.

Roƙona gare ku shi ne ku ware shafi ɗaya ku yi ma masu karatu gwajin Forer da Hausa. Ku buga bayanin hali guda ɗaya ku ce na waɗanda anka haifa ranar Talata ne, a wani shafin ku sake buga shi da ɗan sauyin kalmomi ku ce na 'yan Juma'a ne, ku nemi a aiko muku da saƙon tes ko ya dace, mako mai zuwa ku tona. Malaman makarantun sakandare ma za su iya yin shi a aji, minti 20 ya isa kuma ko sisi ba za a kashe ba.

Na gode da filin da kunka ba ni.

Naku,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara