A ba mu littafi na biyu, na masu komawa kufai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani nau'in ƙagaggun labarai, wato masu ba da labarin yadda mutane ke rayuwa bayan duniya ta rushe, ko da yaƙi ko da annoba ko da fari. Yawancinsu a jere suke fitowa, na ɗaya, na biyu, wani lokaci har na uku. Abokaina da muke aron littafi a tsakaninmu a nan Gusau sukan ce na farko ne kaɗai ke da armashi, sauran duk jan rai ne da neman kuɗi. Ni ban yarda ba, kuma a gidana na samo dalilina.

Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu. Gwaggona ta iso gidan da nake haya da rana tsaka, ba takalmi, tafin ƙafarta duk ƙaya. Ko zani na biyu ba ta ɗauko ba. Amma a bakin wanda ke jikinta akwai ƙulli, da ta kwance sai ga irin gero da ɗan na kuɓewa. Na ce, "Gwaggo, wannan fa?" Ta ce, "Kai ɗan nan, in an koma me za a shuka?"

Ranar na tuna da littafin Parable of the Sower, wanda Octavia Butler, baƙar fata 'yar Amurka, ta fitar a 1993. Labarin ya fara ne a 2024 a Kalifoniya, inda ruwa ya fi fetur tsada. Aka ƙone unguwar su Lauren Olamina, jarumar labarin, duk da katangar da ta kewaye ta, yarinyar ta yi arewa a ƙasa da jakarta, a cikin jakar har da iri. Wannan ɓangaren mun san shi a Zamfara, ba sai an karanta mana ba.

Na biyun, Parable of the Talents na 1998, shi ne ya hana ni barci. An kafa sabon ƙauye, an yi shuka, an buɗe makaranta. Sai masu tsattsauran ra'ayin addini suka mamaye shi suka raba iyaye da 'ya'yansu. 'Yar Lauren ta girma a hannun wasu, kuma muryarta ce ke bin labarin, cike da ɗacin rai game da uwarta. Irin tambayoyin da ke jiranmu ke nan. Gonar wanda bai dawo ba, wa zai noma ta? Wanda aka san shi ya riƙa kai wa 'yan daji rahoto, a sahu ɗaya za a yi sallah da shi? Yaron da aka haifa a gudun hijira, da wane ido zai kalli garin ubansa? Butler ta yi niyyar rubuta na uku, ta rasu a 2006 ba ta gama ba.

Na san akwai cigaban da ba shi da amfani. Ni ma na taɓa biyan kuɗi a WhatsApp don kashi na biyu na wani labari, na tarar an sake dafa na farkon ne kawai, an ƙara masa ruwa.

Kirana ga marubutanmu ne, musamman mata da suka riƙe alƙalamin Hausa. Labarin kimiyya ba baƙo ba ne a wurinmu, tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya. Don Allah wani ya ɗauki gari irin namu ya kai shi shekara hamsin gaba, ya nuna mana ranar da aka koma, aka yashe rijiya, aka zauna rabon gonaki.

Gwaggo ta shuka kuɓewar a fasasshen bokiti a bayan ɗaki, har mun yi miya da ita. Geron yana cikin gwangwani, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta ce kada kowa ya taɓa.

Naku,
Wani malamin sakandare, Gusau, Jihar Zamfara