A ba mu labarin yaran San Francisco na 1951

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shafinku na wasanni kullum Firimiya ne da Laliga, ba laifi muna karantawa, amma duk sanda 'yan kallo suka yi wa baƙin ɗan wasa kukan biri a Turai abin da muke gani kawai hukuma ta yi Allah wadai, abokan wasansa sun ɗora hotonsa a Instagram, an ci gaba da taka leda. Ni dai abin yana ci min rai, shi ya sa nake so masu karatu su ji abin da wasu ɗalibai suka yi a Amurka a 1951.

Jami'ar San Francisco ce, ƙaramar makaranta ta 'yan Katolika, ƙungiyarsu ana ce mata Dons, ƙwallon Amurka suke bugawa irin wadda ake sa hular kwano ana ture-ture. Kocinsu Joe Kuharich. Wasa 9 suka buga a kakar duk suka cinye, ko canjaras babu. Cikinsu akwai baƙaƙen fata biyu, Ollie Matson wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a jami'o'in ƙasar a shekarar, yadi 1,566, da Burl Toler mai tsaron baya.

To a ƙarshen kaka akwai manyan wasannin gayyata, nan kuɗin yake, kuma da yawansu a kudancin Amurka ake yi inda a lokacin baƙi ba ya kwana otal ɗaya da fari ba ya cin abinci teburi ɗaya da shi. 'Yan wasan sun sha ba da labari cewa saƙo ya iso musu za a kira su Orange Bowl a Miami in za su bar Matson da Toler a gida. Suka ce ko duka ko babu. Kuma fa makarantar na tafka asara a harkar ƙwallon, wannan kuɗin ne zai iya ceto ta, kakar na ƙarewa aka rushe ƙungiyar gaba ɗaya. Yara 'yan shekara ashirin da ɗoriya, wallahi ba ƙaramar zuciya ba ce.

Matson ya je Olamfik ta Helsinki a 1952 ya ciyo azurfa da tagulla a tsere, daga baya shi da abokan wasansa na Dons Gino Marchetti da Bob St. Clair duk suka shiga zauren gwarazan ƙwallon ƙwararru, mutum uku daga ƙungiya ɗaya. Toler ya ji ciwo a gwiwa ya koma koyarwa, a 1965 ya zama baƙi na farko cikin alƙalan wasan NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka ta ƙwararru.

Don Allah ku ware ko rabin shafi a wata don irin wannan tarihin, ku fara da nasu.

Mai karatunku daga Zariya