Zuwa Ga Abba, Kan Shagon Gem Da Maganar Mortal Kombat

Agege, Legas

Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan zamanka na Alaba Rago. Mahaifiyarka ta isar mini da saƙonka, cewa kana son in cika maka kuɗin kama shago, ka zuba talabijin da na'urorin gem, matasa su riƙa biya suna bugawa. Ta ce tun da ta ji har da Mortal Kombat hankalinta bai kwanta ba, don ta taɓa leƙa wayar ƙanenka ta ga ana fizge kan mutum. Na zaɓi rubutu ne saboda ni da kai a waya ba ma kai ƙarshen magana.

Ban hana ba. Amma wasan nan na riga ka saninsa, tun ina gyaran talabijin a kasuwar Alaba, lokacin da ake buga shi da kaset a Sega Mega Drive, kuma ina ganin kai da mahaifiyarka abu ɗaya kuke kallo a cikinsa: jini. Ita yana ba ta tsoro, kai kana ganin shi zai kawo maka ciniki. Jinin yana jawo mutum ya leƙo, gaskiya ne, amma ba shi ke zaunar da shi ba.

Kamfanin Midway na birnin Shikago ne ya fitar da shi a 1992, shekara ɗaya bayan Street Fighter II na Capcom ya mamaye gidajen wasa. Mutum huɗu ne ƙashin bayan aikin, manyansu Ed Boon da John Tobias. Maimakon zane, sai suka ɗauki hoton mutane na gaske suna naushi da shuri, suka shigar cikin kwamfuta. Mutum ɗaya, Daniel Pesina, shi ya fito a matsayin uku daga cikin 'yan faɗan wasan: shi ne Johnny Cage, shi ne Scorpion, shi ne kuma Sub-Zero. Tsakanin Scorpion da Sub-Zero launin kaya kawai aka sauya, rawaya da shuɗi. Dodon wasan mai hannu huɗu da ake kira Goro kuwa ɗan mutum-mutumi ne aka ƙera aka riƙa ɗaukarsa hoto. Wannan kamannin na mutane shi ya sa duka ɗaya a nan ya fi goma a wasan zane shiga jiki.

Yanzu ga abin da ke riƙe ɗan wasa. 'Yan faɗa bakwai ne a na farko, kuma naushinsu da shurinsu kusan iri ɗaya ne. Maɓalli biyar: naushin sama, naushin ƙasa, shurin sama, shurin ƙasa, sai na kariya. Wannan na biyar ɗin shi ne zuciyar wasan. A Street Fighter ja da baya kawai za ka yi ka kare kanka, a nan kuwa sai ka danna, kuma muddin ka danna ba ka gaba ba ka baya. Ko ka kare ɗin ma, ƙarfinka na ɗan raguwa da kowane duka, don haka maƙalewa a kariya ba mafita ba ce. Kullum kana cikin lissafi: in tsaya ne, in matsa ne, ko in durƙusa in jira shi ya yi tsalle in tarbe shi da naushin haɓa? Wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ya san yadda 'yan dambe biyu ke daɗewa suna zagaya juna, kowa na auna tazara, kafin hannu ɗaya ya fita. To haka ƙwararru ke buga shi, turmi uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara.

Kowane makami kuma da farashinsa. Scorpion na jefa mashi mai igiya ya janyo ka: baya, baya, naushin ƙasa. In ya kama ka, ka sha duka kyauta. In ka kare, shi ne zai tsaya hannu a miƙe kamar mai jiran canji. Sub-Zero na daskarar da kai da ƙanƙara, amma in zari ya ja shi ya sake jefawa alhali kana daskare, shi ne zai daskare kai ka warware. Raiden na ɓacewa ya ɓullo a bayanka (labarin wasan ya ba shi wani matsayi da ba na halitta ba, wannan tatsuniyarsu ce, kada ka bari yara su riƙa maimaita ta). Yaron da ke dannawa barkatai zai ci sa'a sau ɗaya. Wanda ya karanci halin abokin karawarsa zai wuni a kujera.

Kisan gillar da ake ta magana a kai, wanda suka sa wa suna Fatality, yana zuwa ne bayan an gama faɗa. Murya ta ce a ƙarasa shi, a ba ka 'yan daƙiƙu. Ba ya sauya wanda ya ci da wanda aka ci. Burga ce ta nuna ka haddace lambobin da wani bai sani ba, a zamanin da intanet bai yaɗu ba sai a takarda ake kwafa daga hannun aboki. Da aka kawo wasan na'urorin gem na gida a watan Satumbar 1993, kamfanin Nintendo ya mayar da jinin gumi, Sega kuwa ya ɓoye shi sai ka danna A, B, A, C, A, B, B. Na Sega ya fi kasuwa, ba zan ɓoye maka ba. A watan Disambar shekarar Sanata Joe Lieberman da Herb Kohl suka zaunar da kamfanonin a majalisar dattawan Amurka, a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni alamar shekaru. Su da suka ƙirƙiro abin ma sun yarda ba na kowa ba ne.

Kuma na da ɗin, jan ɗigo-ɗigo ne a gilashi. Mortal Kombat 11 na 2019 da wanda ya fito a 2023 wani abu ne daban: ƙashi da hanji a fili, a hankali, kamar a mahauta. Alamar da ke jikinsu ta 'yan shekara 17 zuwa sama ce. A kan wannan mahaifiyarka ta fi ka gaskiya.

Saboda haka ga sharuɗɗana. Talabijin ɗin faɗa ya kasance a can ciki, ba a bakin ƙofa ba, yara ƙanana a ba su ƙwallo da tsere. Duk mai kayan makaranta a jikinsa ba ya shiga lokacin aji, haka yaron da aka aika. A unguwarku kowa ya san uban kowa, kuma ƙara wajena za a kawo. In an kira salla a kashe janareto, man ma ya huta.

Babban abin da nake tsoro shi ne caca. Tsarin nan na wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa yana da daɗin ciniki, amma daga nan ake farawa. Yau kuɗin wasa, gobe a ajiye dubu a kan benci, jibi 'yan kallo su shiga, sai faɗan ya fito daga talabijin ya dawo tsakar shago. Kowa ya biya nasa kafin ya zauna. Wanda ya ci ya ci gaba da riƙe hannun gem, wanda aka ci ya miƙa wa na baya, wannan ma ya ishi matashi haushin da zai dawo da shi gobe. In kana son gasa, ka shirya ta ranar Asabar, kyautar ta fito daga aljihunka, ba daga abin da suka tara ba.

Kayan kuma kada ka saya sai an gwada a gabanka, musamman hannayen, don su ne ke fara mutuwa a wasan faɗa. Ka tanadi na canji tun yanzu.

Ka zo gida ranar Juma'a bayan masallaci da takardar mai shago da lissafin man janareto na wata guda, mu zauna da mahaifiyarka. Ƙannenka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka