Matasan Damagaram da neman na kai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan samarinmu da ƴan matanmu masu kafa sana'a.

Ana yawan cewa rashin aikin gwamnati ne kaɗai ya tura su kasuwa. Akwai gaskiya a ciki: Jami'ar André Salifou tana yaye ɗalibai duk shekara, matatar mai ta SORAZ kuma tun buɗe ta a 2011 ba ta da gurbin da zai ɗauke kowa. Amma ka zaga kasuwar Dole ka saurari masu gyaran salula da ƴan matan da ke tallan alkaki da turare ta WhatsApp. Abin da ke bakinsu shi ne mutunci: a daina miƙa hannu wurin baba, a kai cefane gida, a yi aure da gumin kai. Wasu ma gudun zaman fada, wato majalisar hirar samari, ne ya tashe su, don kada a lissafa su cikin ƴan palais, gungun samarin da aka sani da tada zaune tsaye.

Inda nake jin tsoro shi ne gaggawa. Yaro ya kwashi adashi jikka ɗari, ya sari kaya a Kano, ribar fari sai ta tafi ga sabon babur. Littafin lissafi babu, uwar kuɗi da riba aljihu guda. Rufe iyakar Nijar da Najeriya na 2019 da na 2023 irin waɗannan ya fara kayarwa.

Ina roƙon manyan ƴan kasuwarmu su dawo da tsohuwar al'ada ta riƙe yaron shago har a sallame shi da jari.

Naka,
Wani mai karatu daga Zango, Damagaram